Faɗuwar Gaba da Mutuwar Jiki Ba Tare da Dalili Ba: Hannun Sinadaran Homon a Ciki

Gabatarwa

A bakin Bahaushe, zuciya ba tsokar da ke tura jini kawai ba ce. Ita ce mazaunin fushi da tsoro da ƙauna da niyya. Ana cewa wane ya yi zuciya, wato ya fusata. Zuciyar wane ta mutu, wato ya daina neman na kansa. Haka kuma in labari mara daɗi ya zo ba zato, akan ce gaba ya faɗi ras, ko gaba na dukan uku-uku, ko ƙirji na lugude. Duk waɗannan maganganu sun ɗaure bugun zuciya da abin da ke cikin rai. Shi ya sa in mace ta ce gabanta na yawan faɗuwa, tambayar farko da za ta ji daga uwarta ko ƙawarta ita ce, "Me ke damunki?" In ta ce ba kome, ba lalle a yarda ba, sai a shiga zargin miji ko kishiya.

Sau da yawa tambayar tana kan hanya, domin damuwa da fargaba suna sa zuciya gudu. Amma akwai wata faɗuwar gaba da ke zo wa mutum yana zaune lafiya lau, babu bashi a kansa, babu rigima a gida, kuma ta zo tare da gajiyar da barci ba ya kawarwa. A duba zuciyar a asibiti a tarar babu abin da ya lalace a jikinta. A irin wannan hali zuciya umarni take bi, mai ba da umarnin kuwa yana wani wuri dabam a cikin jiki. Wannan takarda za ta yi bayanin waɗannan masu ba da umarni, wato sinadaran da likitoci ke kira homon, da yadda yawansu ko ƙarancinsu ke haɗa gudun zuciya da mutuwar jiki a wuri guda.

Gudun zuciya da masu juya shi

Zuciyar baligi mai lafiya, in yana hutawa, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Kowa zai iya ƙirga nasa: a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ta ɓangaren babban yatsa, a ƙirga bugun jijiya na daƙiƙa 30, sa'an nan a ninka biyu. In ya haura 100 alhali mutum bai yi gudu ba, bai firgita ba, ba ya zazzaɓi, to zuciya tana sauri. Lissafin yana da sauƙi. Mai bugu 70 a minti, zuciyarsa na bugawa sau 100,800 a kwana guda. Mai bugu 120 kuwa, sau 172,800. Aikin kusan kwana biyu ke nan a kwana ɗaya, ba hutu ko cikin barci.

A saman zuciya ta wajen dama akwai wani ɗan gungun ƙwayoyi da ke ta da kowane bugu. Abubuwa biyu ke gaya masa ya ƙara sauri ko ya rage: jijiyoyin da suka taso daga ƙwaƙwalwa, da kuma homon da ke yawo cikin jini. Kalmar homon ta fito ne daga bakin wani masanin Ingila, Ernest Starling, a 1905, kuma ya aro ta daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar zaburarwa. Homon saƙo ne da wata gaɓa ke zubawa cikin jini, jini ya kai shi wata gaɓar da ke nesa, ita kuma ta aikata abin da aka ce. Gaɓoɓin da ke yin homon ƙanana ne, a wannan takarda za a kira su ƙullutai. Akwai na wuya, akwai biyu a saman ƙoda, akwai wani kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa wanda ke shugabantar da yawa daga cikinsu, sai fankiriyas da ke bayan tumbi, da ma'ajiyar ƙwan mace.

Kafin a kai ga homon, likita na gari yakan fara da abin da ya fi yawa. A ƙasashen Sahel babu abin da ya kai ƙarancin jini haɗa bugun zuciya da kasala, musamman ga mata masu haihuwa a kai a kai. In awon jini ya nuna ƙasa da giram 12 ga mace, ko 13 ga namiji, ko 11 ga mai ciki, to akwai ƙaranci. Bayansa sai zazzaɓin cizon sauro, da bushewar jiki a bazara, da yawan goro da shayi mai kauri da kofi, da ƙwayoyin da matasa ke sha don ƙarfin aiki. Sai an kawar da waɗannan sa'an nan ake juyawa ga ƙullutai, kuma na wuya ake fara tuhuma.

Ƙullutun wuya

Waɗanda suka yi karatu da Faransanci suna ce masa tiroyid, na Ingilishi su ce tayirod. Yana gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya kaɗan, siffarsa kamar malam-buɗe-littafi, nauyinsa giram 15 zuwa 25. Hausawa sun san shi tun da daɗewa, amma sai in ya kumbura: shi ne maƙoƙo. Aikinsa yin homon biyu, T4 da T3, lambobin kuwa suna nuna yawan ƙwayar aidin da ke jikin kowanne. Waɗannan homon su ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci ya mai da shi ƙarfi da ɗumi. Ana iya kwatanta su da mai iza wuta a murhu.

In wutar ta yi yawa, kome na jiki sai ya shiga gaggawa. Zuciya ta riƙa bugawa sau 110 ko 130, kuma ba ta sauka sosai ko mutum na barci. Gumi ya yi ta zuba, har a tsakiyar hunturu a ga mutum yana fifita, kowa na neman mayafi. Hannu ya riƙa karkarwa ƙasa-ƙasa, wadda akan gane in an miƙe hannu an ɗora takarda a bayansa. Bayan gida ya yawaita, barci ya ƙaurace, haila ta ragu ko ta tsaya. Mutum ya ci tuwo malmala biyu ya nemi ƙari, amma kullum ramewa yake yi. Gajiyar ma tana da nata salo, domin homon ɗin yana cinye tsokar cinya da ta kafaɗa. Mace ta kasa ɗaga taɓarya, ko ta kasa tashi daga tabarma sai ta dafa ƙasa. Namiji ya ga miƙewa daga sujada ya zame masa aiki. Jiki ya gaji liƙis, amma rai ya ƙi zama wuri ɗaya.

A nan ne hatsarin fassara yake. Mutumin da ke ci yana ramewa, ba ya barci, yana faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, idanunsa sun firfito, a gida da wuya a kawo wuyansa a rai. Wasu za su ce iska ce, wasu su ce sammu, wasu su ce an kama masa kurwa, har a ɗora wa wata tsohuwa a unguwa laifin da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Masu ɗan sani kuma su yi zaton ciwon suga ne, ko tarin fuka, ko ƙanjamau. Ba abin mamaki ba ne aure ya girgiza saboda saurin fushin da asalinsa daga wuya ya taso. Akwai wata alama ƙarama da tsofaffin likitoci ke dubawa: tafin hannun mai fargaba yakan yi gumi da sanyi, na mai wannan ciwo kuwa gumi da ɗumi.

Mafi yawan abin da ke jawo wannan ga matasa shi ne ciwon da garkuwar jiki ke yin kuskure, ta ƙirƙiro wasu sinadarai da ke tsikarar ƙullutun ya yi ta aiki ba tsayawa. Ya fi kama mata, ninki 5 zuwa 10 a kan maza, galibi tsakanin shekara 20 da 50. Sunansa biyu ne, kuma ɗalibin harshe zai so sanin dalili. Robert Graves ya bayyana shi a Dabilin a 1835, Karl von Basedow kuma a Jamus a 1840. Masu Ingilishi suka riƙe sunan na farko, masu Faransanci da Jamusanci suka riƙe na biyu. Saboda haka maras lafiyar da aka rubuta wa Basedow a Maraɗi, in ta tsallaka Katsina za a rubuta mata Graves, ciwon kuwa ɗaya ne. Shi ne ke zuwa da firfitowar ido, amma ba ga kowa ba. Da yawa idonsu lafiya lau yake, don haka rashin wannan alama ba ya wanke ƙullutun.

Ga tsofaffi labarin ya sha bamban, kuma yana da alaƙa da ƙasa da abinci. Baligi na buƙatar aidin mikrogiram 150 a yini, mai ciki 250. Inda ƙasa da ruwa ba su da aidin, ƙullutun yakan kumbura don ya tsinci ɗan abin da ke akwai. Binciken da aka yi a Darfur ta ƙasar Sudan ya nuna cewa gero, musamman dusarsa, yana ɗauke da sinadaran da ke rage wa ƙullutun ƙarfin sarrafa aidin, haka ma rogon da ba a jiƙa shi sosai ba. Wannan ba dalilin barin gero ba ne, domin matsalar tana tasowa ne inda aidin ya riga ya yi ƙaranci. Maƙoƙon da ya shekara 20 ko 30 a wuya yakan yi ƴan gudaji a ciki, wasunsu su daina jin umarni, su riƙa yin homon iya aidin da suka samu. Irin wannan tsohuwa ba lalle ta yi karkarwa ko gumi ba. Sai dai a ga ta yi laƙwas, ta rame, zuciyarta na bugawa ba tsari, a ce ai tsufa ne.

Tarihin aidin ya nuna wannan tun farko. An gano shi a Faransa a 1811. A 1820 wani likita a Janiba, Coindet, ya fara ba masu maƙoƙo, wuyansu ya saɓe, amma ba a jima ba ya lura wasunsu sun shiga bugun zuciya da rama da karkarwa. Suwizalan ta fara sa aidin a gishiri a 1922, Amurka a 1924. A Afirka aikin ya kankama bayan taron duniya kan yara da aka yi a 1990, Najeriya kuma ta wajabta shi a 1993. A tsakiyar shekarun 1990 aka ga masu yawan homon sun ƙaru a Zimbabuwe da gabashin Kwango, inda wani gishirin ya zo da aidin fiye da ƙima, kuma tsofaffi masu daɗaɗɗen maƙoƙo ne abin ya fi shafa. Kada a ɗauki wannan a matsayin suka ga gishiri mai aidin. Ƙarancin aidin ga mai ciki yana taɓa ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta har abada, wannan asara kuwa ta fi waccan nesa ba kusa ba. Abin da tarihin ya koyar da hukumomi shi ne su riƙa auna yawan aidin da ke cikin gishirin.

Gwajin da ke raba gardama na jini ne, sunansa TSH, kuma sakamakonsa yakan rikita mai karɓa. TSH ba ƙullutun wuya ke yin sa ba, shugaban nan na ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke aiko shi. Kamar uwargida ce a bakin murhu: in wuta ta yi ƙasa sai ta ɗaga murya a ƙaro itace, in wuta ta yi yawa sai ta yi shiru. Saboda haka TSH mai ƙasa ƙwarai yana nufin ƙullutun wuya na aiki fiye da kima, mai sama kuma yana nufin ya gaza. A yawancin ɗakunan gwaji ana ɗaukar 0.4 zuwa 4 a matsayin daidai. In ya kauce, sai a auna T4 da T3 don tabbatarwa. Gazawar ƙullutun ita ma tana kawo gajiya mai tsanani, amma tare da jin sanyi, da ƙiba, da taurin bayan gida, da bushewar fata, zuciya kuma nawa take yi. Sai dai wanda ake ba ƙwayar lebotiroksin don cike gurbi, in aka ba shi fiye da buƙata, zai koma cikin masu gudun zuciya.

Ciwon yana jin magani. Ana ba da karbimazol don rage yin homon, galibi wata 12 zuwa 18, da furofranolol don lafar da zuciya kafin na farkon ya kama. In ya dawo, ko maƙoƙon ya yi girma, akwai tiyata, akwai kuma aidin mai tururin nukiliya da ake sha, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1941, amma ba a ba mai ciki ko mai shayarwa. Wanda ya ji sauƙi bayan wata biyu ya ajiye magani, ciwo zai dawo. Wanda kuma aka bari ba magani, zuciyarsa na iya rasa tsarin bugu, jini ya yi gudaji a cikinta, gudajin ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ƙashi ma yakan yi rauni.

Mai jego

Gajiyar mai jego ba ta ba kowa mamaki, shi ya sa ciwo ke samun wurin ɓuya a cikinta. Tun cikin goyon ciki jini yakan ƙaru da kusan rabi, bugun zuciya ya hau da 10 zuwa 20 a minti, wannan kuwa lafiya ne. Amma bayan haihuwa akwai abubuwa uku masu kama da juna a ido, hanyarsu kuwa dabam-dabam.

Na farko kumburin ƙullutun wuya ne, wanda ke samun kusan mace 1 cikin 20 a shekarar farko. Ƙullutun yakan tsiyayar da homon da ya tara, sai mace ta shiga bugun zuciya da gumi da rashin barci wata 1 zuwa 4 bayan haihuwa. In ajiyar ta ƙare sai ta faɗa ƙaranci, da kasala da baƙin rai da zubewar gashi. Yawanci yakan warke da kansa cikin shekara, wasu kuma su zauna da ƙarancin. Karbimazol ba ya amfani a nan, tun da ba yawan aiki ba ne, yoyo ne.

Na biyu yana bin zubar jini mai yawa wajen haihuwa. Ƙullutun ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yakan girma lokacin ciki, in jini ya yanke masa sai wani sashensa ya mutu. Harold Sheehan ya bayyana wannan a 1937, kuma sunansa ciwon ke ɗauke da shi. Alamar farko ita ce nono ya ƙi zuwa, sa'an nan haila ta ƙi dawowa ko an yaye, gashin hammata da na mara ya zube, jiri ya riƙa ɗibar mace in ta miƙe. Ana iya shekara 10 ko fiye ana cewa ragguwa ce, alhali tambaya guda, wato yaya haihuwarta ta ƙarshe ta kasance, da ta nuna hanya. Inda mata ke haihuwa nesa da wurin ƙarin jini, ciwon bai zama tarihi ba.

Na uku shi ne gazawar zuciyar kanta a ƙarshen ciki ko a watannin jego, kuma ƙasar Hausa na cikin wuraren da aka fi saninsa a duniya. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi nazarinsa a Zariya, inda aka kiyasta yana samun kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu. Sun danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, a kan cewa gishirin kanwa na tara ruwa a jiki, zafi kuma na ƙara wa zuciya aiki. A Yamai, Cénac da abokan aikinsa sun nuna a 1992 cewa matan da ciwon ya kama suna da ƙarancin sinadarin seleniyom a jini. Binciken da aka yi daga baya a Kano da wasu asibitocin Najeriya bai tabbatar wa al'adun jego laifin da aka ɗora musu ba, ya fi nuna rama da talauci da hawan jinin ciki. Inda homon ya shigo shi ne a 2007, lokacin da masu bincike a Hanoba ta Jamus suka nuna cewa furolaktin, homon da ke kawo ruwan nono, yakan tsage ya bar wani guntu mai cutar da ƙananan jijiyoyin zuciya. Daga nan aka fara gwada maganin da ke tsai da furolaktin. Sai dai maganin yana ƙafar da nono, kuma a gidan da madarar gwangwani ta fi ƙarfin aljihu, ruwan sha ma ba tsabtatacce ba, wannan shawara ce mai nauyi da likita kaɗai zai yanke. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, take haki in ta kwanta, take tari da dare, ba ta jiran arba'in, asibiti za a kai ta a ranar.

Ƙullutan saman ƙoda

Kowace ƙoda tana da ɗan ƙullutu a kanta kamar hula, nauyinsa giram 4 zuwa 5. Ɓawonsa na yin kotizol da wani homon mai riƙe gishiri a jiki, cikinsa kuma na yin adirenalin, wanda shi ne ainihin mai faɗar da gaba in an firgita.

In ɓawon ya lalace, gishiri da ruwa sai su riƙa zurarewa ta fitsari, ƙarfin jini ya faɗi, zuciya ta ƙara gudu don ta cike giɓi, musamman in mutum ya miƙe tsaye. Ga kasala, ga rama, ga tashin zuciya, ga kwaɗayin gishiri, fata kuma ta ƙara duhu. Ga baƙar fata ana neman duhun ne a zanen tafin hannu da dasashi da harshe da tsofaffin tabo. Thomas Addison ya bayyana ciwon a Landan a 1855, lokacin da tarin fuka ne babban mai lalata ƙullutun, kuma a Afirka har yanzu tarin fuka na cikin manyan dalilansa.

Amma hanyar da ta fi kusa da gidajen mutane ita ce ta kasuwa. Ƙwayoyin ƙiba da wasu ke kira sha-ka-fashe sau da yawa deksametazon ne, man sauya launin fata da yawa kuma suna ɗauke da dangin wannan sinadari, wanda ke ratsa fata ya shiga jini. Dukansu kotizol ne na masana'anta. In jiki ya samu daga waje fiye da mako 3, ƙullutan sukan yi barci su daina nasu. Mai sha tana ganin fuska ta cika ta yi tsammanin ƙiba ce, alhali hannu da ƙafa sirancewa suke yi, ga nankarwa, ga suga da jini suna hawa. Ranar da kuɗi ya ƙare ko aka tsawata mata ta daina kwatsam, jiki ba shi da na waje ba shi da na ciki. Sai jiri da amai da bugun zuciya da suma, wani lokaci har rasa rai, musamman in zazzaɓi ya haɗu da ita a wannan hali. Barin waɗannan ƙwayoyi wajibi ne, amma a hankali ake janye su, likita na rage adadi mako bayan mako. Kuma dole a gaya masa gaskiya, domin da wuya ya yi tambaya a kan man shafawa.

Cikin ƙullutun kuwa yakan yi wani ƙari mai zubo adirenalin lokaci-lokaci. Mutum na zaune sai ciwon kai mai tsanani da gumi da bugun zuciya su taso tare, jini ya hau ƙwarai, bayan mintoci su lafa su bar shi a gajiye. Ciwo ne da ba kasafai ake samu ba, bai kai 1 cikin 100 na masu hawan jini ba, amma tiyata na warkar da shi. Ambatonsa na da amfani don dalili guda: furofranolol shi kaɗai yana iya ƙara haukata jinin mai wannan ƙari, kamar yadda yake toshe numfashin mai asma. Ba maganin da za a saya a tebur ba ne don maƙwabciya ta ji daɗinsa.

Suga da ɗaukewar al'ada

Insulin homon ne, fankiriyas ke yin sa. In ya fi ƙarfin abincin da aka ci, sugan jini ya sauka ƙasa da miligiram 70, wanda takardun Faransanci ke rubutawa giram 0.70, sai jiki ya saki adirenalin: karkarwa, gumi mai sanyi, yunwa, bugun zuciya. Wannan ya fi samun masu ciwon suga da ke allurar insulin ko shan gilibenkilamid, in sun tsallake abinci ko sun ɗauki azumi ba su gyara adadin magani ba. Kwinin ma yana sa fankiriyas ya zubo insulin, abin da ake kula da shi ga mai ciki da ake yi wa maganin zazzaɓi. Ƙwayar sukari 3 a ruwa takan dawo da mutum cikin minti 15, saurin warkewar kuwa shi kansa shaida ne.

Tsakanin shekara 45 da 55, homon ɗin ƙwan mace yakan yi ta hawa da sauka kafin haila ta ɗauke. Zafi ya taso daga ƙirji zuwa fuska, zuciya ta buga, gumi ya jiƙa zane da dare, barci ya yanke, gari ya waye da gajiya. Ba ciwo ba ne, kuma yakan lafa da shekaru. Sai dai waɗannan alamu kusan su ne na ƙullutun wuya, shekarun kuma su ne waɗanda tsohon maƙoƙo ke fara rikici, don haka macen da ke ramewa tare da su ta cancanci gwajin TSH kafin a ce mata girma ne.

A gaban likita

Bugun zuciya yana da halin ɓuya a ranar da aka je asibiti. Saboda haka yana da kyau maras lafiya ya ƙirga bugunsa na mako guda, da asuba kafin ya tashi da kuma lokacin da abin ya motsa, ya rubuta ko a rubuta masa, tare da lura ko bugun a jere yake ko yana tsalle. Ya faɗi yadda abin ke farawa, a hankali ko farat ɗaya, da ko tufafinsa sun yi masa yawa, da ko akwai mai maƙoƙo a dangi. Mace ta faɗi ranar hailarta ta ƙarshe da yadda haihuwarta ta kasance. A zuba duk abin da ake sha ko shafawa a leda a tafi da shi, har da na gargajiya. Daga nan likita zai nemi awon jini da na suga da TSH da zanen bugun zuciya a takarda, sauran gwaje-gwajen kuma sai in waɗannan ko labarin sun nuna hanya.

Akwai halin da ba a tsayawa rubutu: bugun zuciya tare da ciwon ƙirji, ko suma, ko haki a zaune, ko zazzaɓi mai zafi da ruɗewa ga wanda aka san yana da ciwon ƙullutun wuya. Haka kuma mai shan karbimazol, in ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ya dakatar da ƙwayar ya je a ƙirga fararen ƙwayoyin jininsa a ranar, domin ga mutane ƙalilan maganin yakan karya su, kuma a irin wannan hali ciwon maƙogwaro kaɗai ya isa ya kwantar da mutum.